Maɓallin Anjima

Duk wanda ya bi ta ƙofar Babbar Kasuwar Jalingo a bana ya san muryar Mabel, ko da bai san fuskarta ba. Tana tsayawa ƙarƙashin jar lema a gaban wani shagon waya, sanye da rigar shagon, da ƙaramar lasifika a hannu, tun hantsi har la'asar tana kiran mutane. Sabon tsarin waya ne ya fito, aka aiko da fosta, mai shago kuma ya ɗauko Mabel saboda Allah ya yi mata baki. In ta fara, har masu keke sukan rage gudu.

"Jama'a, a zo a yi afdet! Kyauta ne, da datar shago! Wayar da ba a sabunta ba gida ne da ba a kulle ba, ɓarayi suna shiga suna fita!"

Wani dattijo mai albasa ya taɓa tsayawa ya ce mata, "Yarinya, wai sau nawa mutum zai yi wannan abu? Wancan watan na yi. Wayar nan ya fi surukaina roƙo."

"Baba, duk lokacin da ta nema ka ba ta," in ji Mabel. "Kada ka danna anjima. Anjiman nan shi ke kashe waya."

Njidda, mai gyara da ke zaune a cikin shagon, yana da nasa ra'ayin. Shi a ganinsa in sabo ya fito a bar shi ya kwana biyu a hannun masu zumuɗi, a ga ko yana shan batir, sannan a ɗora. Amma ba shi ke riƙe da lasifika ba, saboda haka kasuwa ba ta taɓa jin ra'ayinsa ba.

To, abin da kasuwa ba ta sani ba shi ne, mai wa'azin nan tana da waya ɗaya a gida da ba ta bin wa'azin. A gidansu da ke Nukkai, a kan teburin falo kusa da Littafi Mai Tsarki, akwai tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Kowace safiya takan fito da saƙo tana roƙon a sabunta ta, da maɓalli biyu a ƙasa: yanzu, ko anjima. Kowace safiya Mabel takan riga kowa tashi ta danna anjima.

Wayar mahaifiyarta ce, Mama Alisabatu, mutuniyar Zing, mai doya a kasuwar Mil Shida, mai ba da waƙa a zumuntar mata ta coci. Ta rasu a tsakiyar daminar bara, bayan ciwon 'yan kwanaki da babu wanda ya ɗauke shi da zafi, har ita kanta.

Mama Alisabatu tana da Hausa irin tamu ta garin nan, wadda ba ruwanta da mace. A bakinta kowa "shi" ne: 'yarta, akuyarta, matar fasto, har ita kanta doyar. Mu dai ba mu ɗauki wannan abin kunya ba, a kasuwa muka tarar da Hausar muka ɗauke ta yadda za ta ɗauku. Amma mijinta, Baba Tobias, tsohon malamin firamare ne, kuma kunnensa bai taɓa yin ritaya ba. Shekara da shekaru yana cewa, "Alisabatu, ke ake ce wa mace, ba kai ba." Ita kuma sai ta nuna Mabel da baki ta ce, "Ai ya gane."

Bayan an gama zaman makoki, Mabel ta ɗauki wayar don ta sanar da masu kawo doya daga ƙauye. Ta rubuta sunanta, don su san mai magana. A saman kibod, wato allon haruffan rubutu, inda waya ke jera kalmomi uku da take tsammanin za ka rubuta, ta ga "kai" a tsakiya. Ta danna ba da wani nufi ba. Sai "ka" ya fito. Ta danna. Sai "ci". Sai "abinci".

Mabel kai ka ci abinci.

Ta waiwaya wajen ƙofar kicin, ta san babu kowa, amma sai da ta waiwaya. Wannan ce tambayar da ke shigowa wayarta kowace rana da azahar, tun tana makaranta, wadda sau da yawa ba ta ma amsawa.

Mabel ba baƙuwar waya ba ce. Ta san kibod yana koyon hannun mai shi, yana haddace kalmar da ke bin kalma. Ita da kanta ta sha yi wa kwastomomi wannan bayani. Sanin bai hana ta zama a ƙasa ta yi kuka ba, kuma bai hana ta dawowa washegari ba.

Daga nan abin ya zame mata jiki. In Baba ya tafi taron dattawan ikilisiya, sai ta zauna a kujerar Mama, ta rubuta kalma ɗaya tak ta bar wayar ta ci gaba. In ta sa "doya", wayar ta ce ya iso daga Zing. In ta sa "ruwa", wayar ta ce ya yi yawa kar ka bi ta gada. Ba ta rubuta komai nata, don tana tsoron kada wayar ta fara koyon hannunta ta manta na Mama. Wani lokaci har dariya take yi. Wani lokaci kuma falon yakan yi shiru irin wanda ba ta so, har ta ji kamar in ta ɗaga kai za ta ga ƙafafu masu ƙurar kasuwa a bakin labule.

Amma akwai kalmar gefen dama. Duk sanda ta rubuta "Mabel", tsakiya na ba ta "kai", dama kuma na ba ta "ban". Ta duba duk saƙonnin da Mama ta taɓa aiko mata, babu ko ɗaya da ya fara da haka. Ke nan Mama ta sha rubuta shi tana gogewa, har wayar ta haddace.

Wata ranar Lahadi bayan sujada a coci ta yi ta maza ta danna. "Gaya" ya fito. Ta danna. "Maka" ya fito.

Mabel ban gaya maka.

Kafin idonta ya kai ga kalma ta gaba, ta ɗora babban yatsa ta rufe wurin. Ta gefen yatsan ta hango dai doguwar kalma ce, amma ba ta karanta ba. Ta goge komai, ta kife wayar.

Kada ka ce wani babban asiri take tsoro. Mama Alisabatu ba ta iya riƙe magana ba, in ta ji abu da safe kafin azahar Mil Shida ta ji. Wataƙila akuya ce ta haihu. Wataƙila ciwon ne. Wataƙila Joseph ne, saurayin Mabel ɗin da Mama ke harara ba tare da ta faɗi dalili ba. Abin da Mabel ta gane shi ne, duk sauran maganganun wayar ta riga ta ji su, maimaici ne kawai. Wannan ce kaɗai ba ta ji ba. Muddin ba ta ɗaga yatsan nan ba, uwarta ba ta gama magana da ita ba. Sai ta ce sai Kirsimeti. Kirsimeti ya zo, ta ce sai Ista. Ista ya wuce, ta ce sai an cika shekara.

Ba ta gaya wa Baba ba. Dattijon ikilisiya ne, in ya ji 'yarsa na zama tana hira da mamaciya ta waya, kafin yamma fasto na falonsu. Kuma, a faɗi gaskiya, akwai rowa a ciki. Baba yana da nasa rabon a wayar: waƙoƙin da Mama ta riƙa turawa matan zumunta da muryarta, don su koya kafin Lahadi. Kullum da safe yakan kunna su yana shan kunu. Shi murya, ita rubutu, haka suka raba matar ba tare da sun yi shawara ba.

Da damina ta sake kamawa, sai wayar ta canja salon roƙo. Manhajar da waƙoƙin ke ciki ta fara cewa nan gaba kaɗan ba za ta ƙara buɗuwa a kan tsohon tsari ba. Baba ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa.

"Mabel, me wannan yake nufi?"

"Ba komai, Baba. Haka suke yi don su tsorata mutane."

"Ke da nake jin muryarki tun daga bakin titi kina cewa kada a danna anjima?"

"Wannan ta tsufa, Baba, sai an bi ta a hankali. Ka bar mini, zan duba."

"Yaushe?"

"Anjima," ta ce. Sai da ta faɗa ta ji abin da ta faɗa.

Ranar kasuwar garin Mutum Biyu mai shago ya tura ta can da lema da lasifika. Da sassafe, kafin ta fita, ta ɗauki wayar ta danna har zuwa "maka", yatsanta a kan wurin. Ta ji a ranta yau za ta iya. Sai mai keke ya yi hon a waje, ya sake yi. Ta goge, ta ajiye wayar kusa da kofin Baba, ta ɗauki jakarta.

Kasuwa ta yi kyau a ranar. Manoma da 'yan tireda suka yi layi, ta yi ta faɗa musu abin da ta saba faɗa, har muryarta ta dushe. Da la'asar ta dawo Jalingo ta biya shago don ta ajiye kaya. Njidda ya tare ta da fara'a, irin ta wanda ya yi aikin lada.

"Mabel, sannu da hanya. Baba ya zo fa! Da kansa, da sandarsa. Ya ce shi ya gaji da anjimanki, kar waƙar Mama ya rufe."

Lemar ta zame daga hannunta.

"Me ka yi?"

"Wayar ta cika maƙil, afdet ya ƙi shiga, sai da na yi mata filashin, na share komai na ɗora sabo. Amma kwantar da hankalinki. Hotuna, lambobi, saƙon murya, duk na kwashe kafin na taɓa ta, na mayar. Wallahi ko ɗaya bai ɓata ba. Baba ya so ya biya, na ce haba, wayar Mama ce."

"Kibod fa?"

"Kibod?" Njidda ya yi dariya. "Sabo fil. Wannan ma har Hausa ya iya, ba kamar tsohon ba."

Ba ta zage shi ba. Me za ta ce ya yi? Abin da take kira a yi ne tun hantsi har la'asar, kuma ya yi shi da kyau, da hannu mai tsabta. Ta ce masa na gode, ta fita ta tari keke.

Tun daga ƙofar gida ta ji muryar Mama. Waƙar girbi ce, tana fita tas, ta fi yadda take fita a da ƙarfi. Baba yana zaune a baranda da wayar a kan gwiwa, idonsa ya yi ja, amma fuskarsa a sake take. Rabon da ta ga fuskarsa haka tun kafin rasuwar.

"Kin ji ta?" ya ce. "Yaron nan ya ce yanzu ba za ta rufe ba. Na hutar da ke, na ga aiki ya yi miki yawa."

"Na ji, Baba."

Ta jira waƙar ta ƙare. Ya miƙo mata wayar, ta shiga falo ta zauna a kujerar Mama. Tsagar gilashin na nan inda take, amma duk abin da ke ƙarƙashinta sabo ne, launi ma daban. Babu saƙon roƙo, babu maɓallin anjima. Ta rubuta sunanta. Kalmomi uku suka fito a jere, na kowa da kowa, babu "kai", babu "ban". Ta sa "doya". Wayar ta ce "da", ta ce "mai".

Falon bai yi shirun nan da take tsoro ba. Ana jin keke a titi, ana jin yara a maƙwabta. Ta ɗaga kai ta kalli bakin labule, ta daɗe tana kallo, labule ne kawai. A lokacin ta gane ashe tsoron nan ma tana son sa.

Daga baranda Baba ya ɗaga murya. "Mabel, kin ci abinci?"

Hausa daidai, babu kuskure ko ɗaya.

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta sa yatsunta ta rubuta da kanta, harafi bayan harafi, yadda Mama ta bari: Mabel ban gaya maka. Tana ɗaga hannu, wayar ta gyara mata, ta mayar da "maka" ta zama "miki", ba tare da ta tambaye ta ba. A wannan karon Mabel ba ta rufe wurin da yatsa ba. Ta buɗe ido ta duba.

Ba doguwar kalma ba ce. Haruffa biyu ne, a tsakiya. Ta danna, ta karanta.

Mabel ban gaya miki ba.