Rediyon Safiya

Shekara ashirin da shida ina gyaran rediyo a rumfata da ke bakin kasuwar Dogon Dutsi, kuma ba wanda ya koya mini. A cikin abin da na sani akwai wannan: da sanyin safiya iska na ɗauko murya daga nesa. Bayan sallar asuba nakan kama tashoshin Sakkwato da Birnin Kabi ras, amma da hantsi ya ɗaga sai su dusashe, kafin azahar babu su. Kowane mai shayi a garin nan ya san haka.

Ambroise ma ya sani. Ɗan unguwarmu ne, tare muka tashi, shi ya yi lakkwal, karatun boko, har ya zama injiniya a wani ɗakin binciken gwamnati a Yamai, inda ake ƙera na'urorin sadarwa. Ya zo da shugabansa, Mushe Abdulwahid, yadda ake kiran manyan 'yan boko da Faransanci, da wasu rediyoyin kira da suka shekara uku suna haɗawa. Za a girka ɗaya a likitar gari, wato asibitinmu, ɗaya a ɗakin shan magani na Kwarin Tsamiya, wani ƙauye can bayan Matankari, don ungozoma ta riƙa kiran motar ɗaukar marasa lafiya in haihuwa ta zo da gardama. Suka ɗauke ni in taya su kafa eriya.

Kwarin Tsamiya cikin kwari yake, tudu ya tare shi. Salula, wayar hannu, ba ta kamawa sai a wuri guda, saman wata tsamiya a gabas da gari. An jingina mata dogon tsani, duk mai kira sai ya hau. Ungozomar, Habsatu, mace mai shekara hamsin da ciwon gwiwa, da kanta take hawa. Ranar da muka kafa eriyar, maigari ya sa aka ɗauko tsanin muka yi aiki da shi, sannan ya ce a bar shi nan jikin bango, an gama da hawan itace.

Kwana biyar ana gwaji. Kullum ƙarfe shida da rabi Mushe Abdulwahid zai danna maɓallin rediyon likita, Habsatu ta amsa kamar tana bayan ƙofa, ya rubuta a takarda. Ƙarfe takwas ya rufe takardar. Rana ta uku na dawo da azahar ni kaɗai na danna. Shuuu kawai.

Na sami Ambroise. Ya ce ya sani, maganin abin shi ne a kafa wata na'ura bisa dutsen da ke bayan garinmu, ta karɓi muryar ta miƙa. Amma an riga an gaya wa manya cewa abin alfaharin wannan rediyo shi ne ba ya bukatar komai a tsakani.

"To ku rubuta cewa da rana ba ya yi mana."

"Ɗanjuma, duk abin da muka rubuta gaskiya ne. Duba ka gani, akwai ƙarya ko ɗaya?"

Na duba. Babu. Wannan ne ya hana ni cin tuwo ranar. Ana iya jera gaskiya ashirin a takarda, ko wace ba ta da aibi, a haɗa su su kashe mace? In sun kashe ta, wa za a kama, wanda ya rubuta ko wanda ya rufe takardar ƙarfe takwas?

An sa bikin ƙaddamarwa a likitar gari ƙarfe bakwai na safe, kuma na san dalili. Mutane masu ilimi haka, sun lissafa iska da zafi da tsawon eriya, suka manta babban baƙo daga Yamai bai taɓa zuwa kan lokaci ba tun da aka halicci kwalta. Bakwai ta yi, tara ta yi. Makaɗa suka gaji suka koma inuwa. Sha ɗaya da rabi aka ce motocin sun wuce Kore Mairuwa. Gumi ya jiƙa wa Mushe Abdulwahid kwat har baya.

Ya ja ni bayan likita, Ambroise na biye da ƙananan rediyoyi biyu na hannu.

"Malam Ɗanjuma, kai ne babban masani a nan, kowa ya sani." Kwana biyar yana ce mini mai gyara. "Ka hau dutse da waɗannan. Ɗaya na jin ƙauye, ɗaya na jin nan. In wannan ta yi magana ka kara ta a bakin waccan ka danna. Ba ƙarya za ka yi ba, muryar matar ce da kanta."

Na kalli Ambroise, yana kallon takalminsa.

Na hau kabu-kabu zuwa gindin dutse, na ƙarasa da ƙafa. Dutsen ya yi zafi har ta cikin takalmi. Daga sama ina hango rumfunan biki. Na'urar da suka ƙi kafawa, ga ta nan tsaye da hula da gumi, ni ke nan.

Babban baƙo ya yi sallama, na kara, na danna. Habsatu ta amsa, na juya, na danna ɗayar. Ta ce suna godiya, matan Kwarin Tsamiya sun huta. Yatsana na kan maɓalli, bakina bai kai taƙi guda daga rediyon ba. Da na ce uffan, duk taron zai ji, da baƙon da 'yan jarida. Na shirya maganar ma a raina: ranka ya daɗe, ni ne Ɗanjuma bisa dutse. Ban faɗa ba. Na riƙe numfashi don kada a ji ni, tari ɗaya kawai ya kuɓuce mini, har tafi ya taso daga ƙasa.

Da la'asar suka loda kaya. Mushe Abdulwahid ya ba ni hannu, ya ce za a sa sunana cikin rahoto. Ambroise bai zo sallama ba. Na wanke hannun a randar rumfa, abin bai fita ba.

Washegari na tafi Kwarin Tsamiya, na isa rana tsaka. Habsatu na zaune a ƙofar ɗakin shan magani tana tsince wake. Rediyon na ciki bisa tebur, an lulluɓe shi da sabon ɗankwali.

"Gwaggo, na zo in gaya miki wani abu. Wannan rediyon, da rana..."

"Ba shi yi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni ka zama da shi wuni, Malam. Tun rana ta biyu na gane."

"To jiya fa?"

"Jiya na ji tarinka. Na ce wanga tarin mai gyara ne, Allah sarki, sun hau da shi wani wuri."

"Kin sani, kuma kika ce mata sun huta?"

"Maigari na tsaye kaina, an rubuto mini abin da zan ce. Kai da ba kowa kanka, mi ka ce?"

Ta zube waken a ƙwarya, ta nuna wani gida da haɓa.

"Bushira matar Is'haƙa watanta ya kama, kuma ɗan a gicciye yake. Ban san ko da sahe za ta tashi ko da azahar ba, ba ta gaya mini ba. Maigari ya ce wanda duk ya taɓa tsanin ga ya kunyata gari gaban gwamnati. Kai baƙo ne."

Tsanin na nan jikin bango inda muka bar shi. Ya fi yadda nake zato nauyi. Na saɓa shi a kafaɗa na ratsa tsakiyar gari da shi, na wuce ƙofar maigari, yana zaune da mutanensa, suka bi ni da ido. Na jingina shi a tsamiya, na girgiza na ga ya zauna. Habsatu ta iso tana ɗingishi, ta miƙo mini salularta.

"Hau ka gwada mini," ta ce. "Yanzu, da ranar ga."