Ƙulli Uku a Falmaran

Sabiru ya goga wa zare kaki, ya soka basilla a kafaɗar wata falmaran ta fata, sai ya ji hannunsa ya tuna abin da shi kansa ya ɗauka ya manta. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana Guangzhou yana loda wa 'yan kasuwar Kano jakunkunan roba masu kama da fata, shi da aka haifa a gidan dukanci, uba baduku, kaka baduku. Abin ya daɗe da daina yi masa ciwo, ko dai haka yake gaya wa kansa. Amma basillar mahaifinsa ba ta taɓa barin ƙasan akwatinsa ba.

Da safen nan aikin ya same shi a Pazhou, wajen baje kolin masana'antu. Madam Lin, wadda yake sayen jaka a wurinta, ita ta yafito shi ta nuna masa wani dogon tsoho Ba'amurke mai farin gemu, Mista Konrad, wanda ya zo sayen zif da maɓallai na shagonsa. Ƙofar jirgin ƙasa ce ta kama masa falmaran ta yage kafaɗar. Ya zaga rumfa shida, kowa ya ce masa "meiyou", wato babu. In dubu sababbi yake so, a ɗinka masa kafin Juma'a, amma tsohuwa guda ɗaya ba mai taɓa ta. Ga shi gobe da safe zai tashi.

"Gasar fata za ta je," in ji tsohon, yana miƙa ta da hannu biyu.

Gasar fata! Sabiru bai nemi ƙarin bayani ba. Ashe akwai inda har yau ake tara dukawa a gwada gwani. Ya rungumo falmaran ɗin sai unguwar Dengfeng, gidan abincin Hajiya Balkissa, inda teburin bakin taga ya fi ɗakinsa haske. Kafin a yi azahar, ba wanda ya shigo cin tuwo bai ji labari ba.

"Ƙullin gidanmu zai shiga Amurka," yake cewa. "Ƙulli uku da koren zare, ta ciki. Tun kakana aiki bai taɓa fita gidanmu babu shi ba. Baba cewa yake aikin da ba ƙulli ba shi da uba."

Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai. A gefen hagu akwai wani tsohon gyara, ɗinki a karkace kamar sawun kaza, nan ya matse, can ya saki. Ya ɗaga wa mutane suka yi dariya. "Wane makaho ne ya yi wannan? In na gama kafaɗa zan farke shi, kada ya kunyata ni gaban alƙalai."

Issa, mutumin Maraɗi mai sayen fitilun sola, shi ne bai yi dariya ba. Ya ƙura wa tambarin da ke bayan falmaran ɗin ido, ya ɗauki hotonsa da waya, ya yi 'yan danne-danne. Can ya ajiye cokali.

"Malam Sabiru, wannan concours ɗin, gasar da kake faɗa, ba na dukawa ba ne fa."

Ya juyo masa wayar. Maza ne a kan dandamali, da baƙar fata tun daga hula har takalmi, wasu ƙirji a waje, biyu sun rungume juna rungumar da ba ta 'yan'uwa ba.

"Masu neman maza ne. Ba fatar ake gwadawa ba, masu sa ta ake gwadawa."

Wani ya ce, "A'uzu billahi." Wani ya ƙunshe dariya ta kufce masa ta hanci. Sabiru ya ji kunya ta rufe shi, irin wadda mutum ke jin zafinta a kunnuwa. Bakinsa ne ya yanka masa wuya, don da ya yi shiru da ba wanda ya sani.

Hajiya Balkissa ta leƙo daga kicin. "To ku ci abincinku mana. Fata ce, ba ta cizo."

Issa ya matso ya rage murya, don shi ba mugu ba ne. "Yaya, mayar mai da abunai. In kuma kunya ta hana ka, ɗinke ka ba shi, amma kar ka sa ƙullin tsohonka. Sunan mutum ba ya wankuwa."

Sabiru ya bar basillar soke a kafaɗa. Ya je ya yi sallah ya dawo, tana nan yadda ya bar ta. Bai ci gaba ba, bai kuma zare ta ba.

Da la'asar Mista Konrad ya iso. Sabiru ya tare shi tun daga ƙofa da falmaran ɗin a hannu, ya ja shi zuwa wani benci a gefen shagon wayoyi.

"Ba ka gaya mini ba," ya ce da Turancinsa na kasuwa.

Tsohon ya dubi fuskarsa, ya dubi aikin da aka bari rabi, ya gane. "Na ce gasar fata. Ba ka tambaya ba, ni kuma na ji daɗin da ba ka tambaya ba. Ka yi haƙuri. In ba za ka iya ba, ba ni abata haka."

Da ya yi musu ko ya ɗaga murya, da Sabiru ya samu sauƙi. Maimakon haka sai ya ji kansa yana tambaya, "Me ya haɗa ku da fata?"

Konrad ya ce abin ya girme shi. Bayan yaƙin duniya na biyu, wasu samarin da suka dawo daga soja ba su iya komawa gidajen iyayensu ba, sai suka riƙa haɗuwa a kan babura da rigunan fata, fatar ta zama yadda suke gane juna a lokacin da 'yan sanda ke kama su. Daga baya aka fara gasa, don nishaɗi kawai. Sannan cutar nan ta ƙanjamau ta zo.

"Cikin shekara biyu na binne abokai goma sha huɗu. Wasu iyayensu sun ƙi karɓar gawa. Wanda ya ci gasa a lokacin, aikinsa ke nan, ya bi asibitoci ya nemo wa marasa lafiya abinci da mai zama da su." Ya buɗe cikin falmaran ɗin. Abin da Sabiru ya ɗauka ado ne, ashe sunayen mamatan ne a jere. "Ta Rubin ce, abokin zamana, shi ya ci a shekararsa. Shekara tara muna tare kafin ya rasu. A wurinmu ba a sayar da irin wannan, miƙa ta ake yi. Bana zan ba wani yaro, na tsufa."

Yatsansa ya sauka a kan karkataccen ɗinkin nan.

"Wannan shi ya yi, a gadon asibiti. Hannunsa na rawa, amma ya ƙi in taimaka masa. Kwana uku ya yi a kai."

Sabiru ya tuna da gida. A Kano, cikin adakar mahaifiyarsa, akwai wani kube na wuƙa, aikin Baba na ƙarshe bayan hawan jini ya taɓa masa hannu. Shi ma ɗinkinsa haka yake, nan ya matse, can ya saki. Ranar da ƙanen Sabiru ya ce a gyara a sayar, saura kaɗan Sabiru ya mare shi. Yau kuma shi ne ya ɗaga irinsa yana ba mutane dariya.

Bai yarda da hanyar mutumin nan ba, ba kuma yau zai yarda ba. Amma ya san wannan ɗinkin, kuma tausayi ya kama shi.

"Zauna nan," ya ce.

A kan bencin ya ƙarasa kafaɗar, mutane na wucewa suna kallo. Da ya gama ya duba ɗinkin Rubin da kyau, ya ga ƙarshensa ya fara saki, don mai shi bai samu ƙarfin ɗaurewa ba. Wata shekara ɗaya, da ya warware gaba ɗaya. Sabiru ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya laluba aljihu ya ciro koren zare.

Da ya koma ciki, Hajiya Balkissa ta ajiye masa tuwonsa a rufe. Issa na nan zaune yana jiransa.

"Ka sa?"

Sabiru ya goge basillar a gefen rigarsa, ya naɗe ta cikin ƙyallenta.

"Ɗinkin wani ne ke warwarewa," ya ce. "Na ɗaure masa."