Rumbun da Ke Amsa Kira

Shekara arba'in da uku Inna Leah ta yi a gidan Baba, ban taɓa jin sunansa ya fito daga bakinta ba. Ko a coci aka ce ta faɗi sunan mai gidanta don a rubuta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai kun san shi." In za ta kira shi cin abinci, "Kai wannan!" take cewa, shi kuwa ko yana ƙarshen gona sai ya ɗago. Haka muke a ƙauyenmu na gefen Shanono, da masu coci da masu masallaci, mace ba ta kama sunan mijinta. Sunansa Shago. Ni Keziah, 'yarsa ta uku, yanzu ma da na rubuta shi sai da hannuna ya yi nauyi.

Bara da rani wani mai fasaha, Zaharaddini, ya zo daga Kano da kyamara da na'urar ɗaukar murya. Wai zai haɗa wani aiki a gidan tarihi, yana son tsohon rumbu da muryar tsohon manomi. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "Mutanen birni sun rasa abin kallo." Amma ya zauna gindin ɗorawa, kwana biyu yana ba shi labarin gero da dawa. Da za a tafi aka ɗora tsohon rumbunmu na zana a mota. Ni ce malamar firamare, ni ce mai ido a gidan, don haka ni na sa hannu a takarda. Ban karanta ta har ƙarshe ba, ina ta washe baki za a san Baba a birni.

Damina na tsakiya, ana maimai, kububuwa ta sare shi a dunduniya. Aka ɗora shi a babur, bai kai asibiti ba.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta ci gaba da surfe da tankaɗe, sai dai tuwon ya daina wuce mata. Wata biyar da rasuwar, muna ɓarar gyaɗa, ta ce, "Keziah, muryarsa ta fara ɓace mini. Fuskar tana nan. Amma in na ce bari in tuna yadda yake amsa ni, sai in ji shiru."

Na kira Zaharaddini na roƙe shi ya turo mana muryar a waya. Ya yi ta'aziyya sosai, ban raina masa ba. Sannan ya ce muryar ba tasa ba ce yanzu, waɗanda suka sayi aikin ke da ita, haka yake a takardar da na sa wa hannu. Shi ma ba ya gari. Ran Asabar za a rufe nunin, a kwance komai a kai ƙasar waje. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan kama? Hannuna ne a takardar.

Asabar ɗin ni da Inna muka shiga motar Kano tun da sassafe.

A babban zauren gidan tarihin aka kafa aikin, inda kowa ke wucewa. Sanyin na'ura kamar cikin randa. A jikin bango ana haska hoto mai motsi: hannuwan Baba a kan ƙotar galma, ƙafafunsa masu faso, har dunduniyar nan. Fuskar ce kawai babu, wai haka fasahar take. A tsakiya ga rumbunmu, an yanka masa baki a gefe, an kunna shuɗiyar fitila a ciki. An kafa allo da Hausa da Turanci: ka sa kanka a bakin, ka kira sunan manomin, zai amsa maka. Ga sunan nan da manyan baƙaƙe.

Wasu ɗalibai ne a wurin, samari da 'yan mata. Ɗaya ta zura kai tana dariya, ta kwaɗa wa ubana kira da sunansa tsirara, ba Baba, ba Malam. Ƙawarta na ɗaukar ta a waya. Daga cikin rumbun muka ji wani gunaguni, ƙasa-ƙasa, wanda sai mai kai a ciki ke jin kalmominsa. Inna ta damƙe hannuna har faratanta suka shiga.

"Su wa suka ba su sunansa?" ta ce.

Ni kuwa na san ni na ba su.

Na je wurin mai kula da zauren, wani dattijo, Malam Sha'aban. Na ce, "Malam, matarsa ce wannan. Ya rasu. A taimaka a kunna mata ba sai ta kira ba."

Ya cire hula ya shafa kai. "Allah ya jiƙansa. Wallahi Malama, kunnawa da kashewa kaɗai aka nuna mini. Sunan nan kawai na'urar take ji. In aka cire kai kuma sai ta tsaya."

"Inna, bari in kira, sai ki yi maza ki sa kai."

Ta harare ni. "Ki kama sunan ubanki a gabana? Ba ni na haife ki ba?"

Ta bari sai da ɗaliban suka watse. Ta gyara zani, ta matsa. A gida ko leƙa rumbun nan ba ta taɓa yi ba, Baba ke hawa ya ɗebo mata damin. Ta sa kai a hankali, ta ce, "Kai wannan."

Fitilar na ci, ba abin da ya motsa.

"Mai gida." Ta jira. "Baban Aaron." Aaron shi ne na biyu, don sunan ɗan fari ma ba ya fita bakinta. Duk a banza. Ta dawo ta zauna a kan benci, ta ɗora hannu a cinya.

Nan muka wuni. Mutane na shigowa, kowa ya kira, ya amsa masa. Wani mai ƙaton ciki ya kira sau uku don ya ga ko zai gaji. Na tsani kowa a zauren nan, na fi tsanar kaina. Ƙarfe huɗu saura kwata wasu ma'aikata suka shigo da akwatunan katako da igiya, suka tsaya jira. Malam Sha'aban ya zo ya rage tsawo a gabanta, ya ce, "Inna, ƙarfe huɗu zan kashe. Ki yi haƙuri."

Ta ce mini, "Juya baya. Toshe kunnenki."

Na juya, amma ban toshe ba, Allah ya yafe mini. Malam Sha'aban ya kori ma'aikatan waje da hannu. Na ji takunta, na ji zanan ya yi ƙara da ta dafa shi. Ta daɗe tana numfashi. Sannan ta faɗe shi, a hankali, muryarta kamar ta yarinya. Na'urar ba ta ji ba. Sai da ta sake, da ƙarfi, har zauren ya ɗauka.

Na matso kusa ba tare da na sani ba, don haka na ji shi sarai. Muryar Baba ce, da ɗan tarin nan nasa.

"Na'am. Wa ke kira na?"

Abin da ya ce wa ɗalibar nan mai dariya da mai ƙaton ciki ke nan tun safe.

"Ni ce," in ji Inna. "Ni ce mana."

"To, baƙo, sannu da zuwa," ya ce. "Zauna in gaya maka yadda ake ajiye gero."

Ba ta cire kanta ba. Ta tsaya a sunkuye tana sauraron yadda ake ajiye geron da ta shekara arba'in da uku tana sussukawa, har ƙarfe huɗu ta yi, har ta wuce da minti goma, sannan Malam Sha'aban ya kashe.

Muna mota a hanyar gida, mun wuce Rimin Gado. Tana kallon gonaki ta taga, ta ce, "Bai gane ni ba, Keziah. Da ma ta yaya zai gane? Ban taɓa kiran sa haka ba."