Ruwan Baƙin Tiyo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo, muna sauraro.

Inna tana cikin goge wa jikanta madarar da ta zubo masa a haɓa, sai idonta ya kai kan leɓensa. Da farko ta ɗauka inuwar labule ce. Ta kai shi bakin taga, ta ɗaga shi ga haske, ta sa yatsa ta buɗe ɗan bakin. Har harshen ya yi shuɗi-shuɗi, kamar na yaron da ya tsotsi biro. Ta duba faratansa, su ma haka.

"Maigida," ta ce, don haka take kiransa, wai shi ne mijinta na tsufa. "Maigida, wane irin wasa ne wannan?"

Bai yi kuka ba. Da ma ya yi, da ta fi samun natsuwa. Kallonta kawai yake da idanu rabi a rufe, ƙirjinsa na ɗagawa da sauri-sauri.

To, bari in gaya muku yadda gidan yake. Ɗan Inna, wanda kowa ke ce wa Dogo, direban motar kai kaya ne. Matarsa tana ɗinki a masana'antar riguna, kuma har yau Amarya ake ce mata duk da ta haihu. Da hutun haihuwarta ya ƙare suka ɗauko Inna ta zo reno. Da safe da yamma nono, da rana madarar gwangwani. Ruwan ginin nasu na burtsatse ne, a bakin gari, inda gonaki suka kewaye, kuma an ce musu kada su sha shi haka. Shi ya sa Dogo ya sa aka kafa na'urar tace ruwa a kicin, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da 'yan tuluna farare a jere, da ɗan tanki, da wani siririn famfo a sama. Duk baƙon da ya zo sai an buɗe masa ya gani, kamar an yi sabuwar haihuwa.

Inna ta kira Amarya a waya.

"Yaron nan ya canja launi."

"Wane launi, Inna?" Ana jin kekunan ɗinki na ruri a bayanta.

"Ke dai ki same mu a asibiti. Ki kira mijinki."

Ta saɓa shi a kafaɗa ta sauko benen ba takalmi. Mai tasin da ya tsaya ya fara zancen cunkoso, da ya waiwaya ya ga fuskar yaron sai ya yi shiru, ya kama hon. Duk hanya Inna tana riƙe da ɗan tafin ƙafarsa. Sanyi yake yi mata a hannu. Tana ta ce masa, "Kai, ba a yi wa mace haka. Ka tafi ka bar ni da wa?" Mai tasi ya riƙa leƙenta ta madubi.

A asibiti ba su sa ta bin layi ba. Wata nas ta karɓe shi da gudu, aka kwantar da shi a ɗan gado, aka rufe masa hanci da baki da robar iska. Inna ta tsaya jikin bango tana jiran launin ya dawo. Bai dawo ba. Amarya ta shigo da zare a manne a rigarta, Dogo na biye da ita da makullin mota a hannu.

Likitar wata siririyar mace ce mai tabarau. Ta saurari ƙirjin yaron, ta daɗe tana saurare. Nas ta ɗebi jini, likita ta ɗaga sirinjin ga fitila, ta tsuke baki. Jinin ba ja ba ne. Launin ƙasa ne, kamar shayin da aka manta a kan wuta.

"Me yake sha?"

"Nono da madara," in ji Amarya.

"Da wane ruwa ake dama madarar? Na rijiya?"

"A'a, likita," Dogo ya yi saurin cewa. "Muna da na'ura, irin mai kyau ɗin. Ko ɗigon ruwan burtsatse bai taɓa shiga cikinsa ba."

"Ka tabbata?"

"Ni da kaina nake canja mata abin tacewar."

Likita ta ajiye sirinjin. "Jinin nan ya yi mini kama da na yaron da ya sha ruwan da takin zamani ya sauka a ciki. Amma idan kun ce ba haka ba ne, dole in yi tunanin zuciya. Mu nan ba mu da na'urar duba zuciyar jarirai. Sai an kai shi babban asibiti, can ɗaya gefen gari." Ta dubi yaron. "Ba na son hanyar nan da shi a haka."

Amarya ta zame ta zauna a ƙasa. Nas ta fita neman motar asibiti.

Kun san mutumin da ya tashi yana ɗauko ruwa a ka daga nesa, kunnensa ba ya jure jin ruwa na zuba a banza. Tun zuwan Inna take jin wani tsiyaye a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Da ta leƙa, ta ga wani baƙin tiyo ya fito daga na'urar ya shige magudana, ruwa garau yana bi ta ciki, ya ma fi na siririn famfon yawa. Ta zare shi ta sa a bokiti. Kafin masu gidan su dawo sai ta mayar, don kada a ce tsohuwa ta taɓa kayan mutane. Da ruwan bokitin take shara da wanki. Shi kuwa siririn famfon, da an cika gorunan tafiya aiki da safe, sai ya koma ɗigo-ɗigo, ga yaro na tsala ihu. Ran nan sai ta ɗebi na bokitin ta dama masa madara. Ai duk daga ciki ɗaya suka fito. Daga ranar ba ta sake jiran famfo ba.

Yanzu tana tsaye a jikin bangon asibiti. Ta dubi ƙeyar Amarya. Ta dubi ƙofar da nas ta bi.

"Dogo," ta ce. "Ita na'urar nan, ba baki biyu gare ta ba?"

"Inna, ba yanzu ba."

"Bar ta," in ji likita. "Faɗi, Mama."

"Akwai na sama, akwai baƙin tiyon nan na ƙasa."

"Wannan ai na datti ne," Dogo ya ce. "Duk abin da ta tace daga ruwan, ta nan take zubar da..." Bai ƙarasa ba.

"Garau yake," in ji Inna. "Wallahi garau yake. Kuma ina tafasa shi, sai ya yi ta tafasa kafin in sauke."

"Tafasawa ba ta kashe wannan, Mama. Ƙara masa ƙarfi take yi." Likita ba ta ɗaga murya ba, ta riga ta juya tana kiran nas ta dawo, a fasa motar.

Amarya ta ɗago kai daga ƙasa ta dubi uwar mijinta. Da wannan kallon, Inna ta gwammace a ce zaginta ta yi.

Suka ɗan yi wani gwaji, sannan aka kawo magani a ƙaramar kwalba. Da Inna ta ga launinsa sai da ta dafa bango, shuɗi ne shar, kamar na rini. Za a ƙara wa shuɗi shuɗi? Ba ta da bakin tambaya. Aka tura shi a hankali ta jijiyar hannu, kowa ya zuba wa ɗan bakin nan ido ta cikin robar. Can gefen leɓen ya fara washewa. Can kuma yaron ya yamutsa fuska, ya dunƙule hannu, ya callara kukan da aka ji har waje.

Likita ta cire tabarau ta goge. "A ba shi nono," ta ce.

Yaron ya kwana a asibiti aka sallame shi, ya yi ta fitsari kore har nas tana yi masa tsiya. Yau yana nan yana rarrafe, ba abin da ya bari a tebur. Dogo ya ɗaure baƙin tiyon da waya, ya sa aka kawo babban tanki. Amarya ta koma ɗinkinta, kuma Inna ce ke reno har gobe, don babu wadda yaron yake yarda da ita sai ita. Sai dai Amarya ke cika masa ruwan madararsa a filas da hannunta kafin ta fita, ta auna garin a 'yan robobi. Babu wanda ya taɓa tayar da maganar a gidan. Inna kuwa, in ƙishi ya kama ta da rana, takan tsaya gaban siririn famfon da kofi, ta jira.