Ewan na Buji

Tun ranar da sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, ba wanda ya ƙara kiran Zaharadeen da sunansa a Buji. Ewan ake ce masa, don A1 ya ci a lissafi. Ubansa, Alhaji Mailafiya, shi ya laƙaba masa sunan, ya bi majalisa-majalisa yana tallarsa, har mutane suka fara zamewa in sun hango babbar rigarsa.

To, Ewan ya samu jami'a a Dutse, yana karatun kimiyyar sinadarai, lissafin aji ɗaya ya kayar da shi sau biyu. Aka ce in ya sake faɗuwa sai ya bar sashen. Shi ne Alhaji ya tasa shi gaba har ofishin Malama Kaltumi mai koyar da darasin, ya zauna tun ba a nuna masa kujera ba.

"Malama, yaron da hukuma ta ba A1, ke wace ce da za ki kayar da shi?"

Malama Kaltumi ta gaji da irin waɗannan baƙin. Duk shekara sai sun zo mata da kumfar baki, kowa ɗansa gwani ne.

"Ban kayar da shi ba, Alhaji. Shi ya faɗi."

"Hassada ce kawai! In ma ya yi kuskure, ai sai a taimaka. Malamansa na baya masu tausayi ne, suna taimakon yara."

"Taimakon ne ya kawo mu nan," in ji ta. Ta miƙa wa yaron alli. "Tashi. Rabi a tara da sulusi. Rubuta amsar a allon can."

Zaharadeen ya tsaya gaban allon yana zufa, ya ƙura wa saman allon ido kamar mai jiran wani ya fara.

"Rubuta mana, Ewan! Kunyata ta!" in ji Alhaji.

Ya rubuta biyu bisa biyar. Alhaji ya buga cinya yana dariya.

"Kin gani?"

"Na gani. An ba shi rabi, an ƙara masa sulusi, ya dawo da abin da ko rabin bai kai ba."

Wannan kam Alhaji bai buƙaci tafinta ba. Dariyar ta ɗauke. Ya juya kan ɗansa a fusace.

"Kai, wane irin wulaƙanci ne wannan? A gaban mace za ka tozarta ni?"

"Baba, kai fa ka cire ni daga makarantarmu ka kai ni inda ake rubuta mana amsa a allo." Haushin yaron ya fi tsoronsa yawa. "Na ce maka ban iya ba, ka ce in rufe maka baki. Kwafa na iya. Ita kaɗai aka koya mini."

Malama Kaltumi ta karɓe allinta.

"Maki ko ɗaya ba zan ƙara ba. In yana son zama a sashen nan, ya riƙa zuwa da safe mu faro daga lissafin firamare."

Alhaji ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ko sallama bai yi ba. Sai da ya kai bakin ƙofa ya ce, "Zaharadeen, taso mu tafi."

Yaron bai motsa ba. Ya daɗe bai ji sunan nan a bakin ubansa ba. Ya ɗauki tsumma ya goge biyu bisa biyar ɗin, ya ce, "Malama, daga ina za mu fara?"