Keken Ɗinkin Gwaggo

Kamfaninmu na waƙoƙin hip-hop ɗaki ɗaya ne a bayan shagon ɗinkin gwaggona. Mun manna kwalayen ƙwai a bango don su tare ƙara, amma ina! Sai keken ɗinkinta ya shiga kowace waƙa. Da muka gaji, muka koma ɗora baiti a kan bugunsa.

Dogo, mawaƙin da muka koya wa inda ake numfashi a baiti, ya samu babban kamfani. Ranar tafiyarsa, a gaban Gwaggo, ya kira ɗakinmu akurkin kaji. Can a sabon kamfanin aka wanke masa murya tas, aka rataya masa sarƙa. Waƙar da ya yi musu ta fito lami, ko masu wankin mota ba su kunna ta ba.

Ran nan da hantsi sai ga shi da mai haɗa sautin kamfaninsu, jaka cike da na'urori. Mutumin ya kwantar da murya ya tambaye ni wace manhaja ce ke ba mu wannan kiɗan na ƙasa-ƙasa, wai wata uku suna nema.

Na nuna masa Gwaggo. Tana kan keke, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Dogo ya durƙusa. "Gwaggo, ki ɗan taka mana mu ɗauka."

Ta ciji zare ta tofar. "Ɗan nan, mu kaji ba ma yi wa baƙi kiɗa. Matsa, ka tare min haske."