Injin da Aka Koya wa Kunya

A shekarun da kuɗin mai ya fara yawo a ƙasa, wani ofishin raba irin auduga da ke Gombe ya sayi kwamfuta. Girmanta ya kai kabad biyu, aka ware mata ɗaki da iyakwandishan, alhali manajan kansa da fanka yake fama. Baƙin allo ne da koren rubutu, ka buga mata umarni ta ba ka amsa. Wanda aka danƙa wa ita shi ne Rufa'i, mazaunin unguwar Tudun Wada, da ya dawo daga karatu da siririn gashin baki da wando fantalo. Shi ya rubuta tsarin da take bi ta lissafa buhun iri nawa za a kai kowane ƙauye kafin shuka. Abokin aikinsa Alfred, mutumin Kaltungo, shi ke buga mata sunayen ƙauyuka da yawan manoma.

Kwamfutar nan ba ta da kara ko kaɗan. Da ta ci karo da abin da Rufa'i bai tanadar mata ba, sai ta tsaya cak, ta zubo wasu lambobi a allo, ta ƙi gaba. Ranar da manyan baƙi suka zo daga Bauchi ganin abin al'ajabi, ranar ta zaɓa ta yi halinta. Wani mai babbar riga ya leƙa allon ya ce, "To, yau ba ta jin daɗi ke nan," aka bushe da dariya. Rufa'i ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Shi kuwa mutum ne da ya tashi a gidan da ba a kuka gaban baƙo. Washegari ya zauna ya yi mata abin da ya kira raga: 'yan layuka a farkon tsarin, waɗanda za su cafke duk wani kuskuren da ya kuɓuce, daga ko'ina ya fito. Tunanin bai da laifi, masu sana'ar suna yin haka. Sai dai su, in ragar ta kama kuskure, sukan sa ta faɗi inda ya faru kafin ta tsayar da aiki. Rufa'i kuwa ya sa tasa ta haɗiye, ta tsallake zuwa gaba, in an kai ƙarshe ta rubuta: AN GAMA. LAFIYA LAU.

"Malam Rufa'i, in ta yi tuntuɓe fa, wa zai gaya mana?" in ji Alfred.

"Ba za ta ƙara kunyata mu ba dai. Na koya mata tarbiyya."

Alfred ya yi dariya, maganar ta wuce. Aka raba iri, motoci suka fita, manaja ya yaba, har ya fara kiran Rufa'i injiniya.

Bayan ruwa ya sauka, Bappayo ya shigo gari. Ƙanen mahaifin Rufa'i ne, manomin auduga a Wuro Jalo, shi ya riƙe shi bayan rasuwar uban, kuma da audugarsa aka kai yaron makaranta. Ya zo ofis da man shanu a ƙwarya, ya cire takalmi a ƙofar ɗakin kwamfuta, ya zauna a gefen kujera yana takure saboda sanyi.

"Bappa, ya gida? Ya damina?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Ya mutanen gari?"

"Suna gaishe ka."

Bappayo ya daɗe yana kallon koren rubutun, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya tambayi lafiyar iyali. Rufa'i, da ke ɗokin nuna gwaninta, ya buga umarni ya nuna masa yadda allon ke cewa lafiya lau. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ƙara basira, ya tashi. Ya sake dawowa wata ranar kasuwa, aka yi gaisuwa iri ɗaya, ya koma.

Damina ta yi nisa lokacin da Alfred ya dawo daga ganin gida. Ko jakarsa bai ajiye ba ya ce, "Motarmu ta bi ta Wuro Jalo. Malam Rufa'i, ban ga auduga ba ko tushe ɗaya. Ciyawa ce a gonakin."

Rufa'i ya zauna ya cire ragar nan tasa, ya sake sa aikin daga farko. Sunayen ƙauyuka suka riƙa wucewa, sai kwamfutar ta tsaya cak kamar yadda ta saba a da, ta zubo lambobinta. A kan Wuro Jalo ta tsaya. Wurin yawan manoman ƙauyen ya zo musu a goge a takarda, aka buga sifili da niyyar a gyara daga baya, ita kuma ba ta iya raba buhuna a kan sifili ba. Da ya bar ta da rashin kunyarta, da tun kafin ruwan farko ta yi ihu, gyaran kuma bai kai shan shayi ba. Takaici ya cika shi, ya rasa wanda zai zaga sai kansa.

A ranar ya sake ragar. Yanzu in ta kama kuskure sai ta faɗi layin, ta faɗi sunan ƙauyen, ta buga shi a takarda, ta yi ƙara, ta ƙi ci gaba ko gwamna ne a tsaye. Sannan ya hau babur ya nufi Wuro Jalo da buhun iri a baya, ko da yake ya san lokacin shuka ya wuce.

Ya tarar da garin shiru. Samari sun bi motocin masu aikin titi, tunda ba audugar da za a jira. A turken Bappayo sa ɗaya ne tsaye, da kuwa biyu ne ke jan garma. Tsohon ya fito ya shimfiɗa masa tabarma.

"Bappa, sau biyu ka zo wurina. Me ya hana ka faɗa mini ba a kawo iri ba?"

Bappayo ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarmar.

"A wurin aikinka, gaban mutane? Na ga injin naka ya ce lafiya lau. Na ce to, ka san abin da kake yi, wataƙila bana ba rabonmu. Ban so in kunyata ka ba."

Tsohon ya dubi buhun da ke kan babur, ya kira a kawo wa baƙo ruwa.

"Ka sha wahalar ɗauko shi," ya ce. "A sa a rumbu. Baɗi, in akwai masu shukawa."